Yadda ake gano turbar keken tsauni mai kyau a lokacin da ganye ke sauya launi

A ƙasashe masu sanyi, kafin ƙanƙara ta sauka, daji yakan yi wata kwalliya ta 'yan kwanaki. Kore ya janye, ja da rawaya da ruwan lemo su rufe gangaren duwatsu, daga nan iska mai ƙarfi ta zo dare ɗaya ta kakkaɓe komai. A wuri guda ganiyar abin ba ta cika wuce mako ɗaya zuwa kwana goma ba. Mai mota idan ya tarar ganye ya zube, sai ya taka totur ya ƙara gaba kilomita ɗari. Kai da kake kan keken tsauni, cinyarka ce injinka, kuma turbar da ka zaɓa da safe ita ce rabonka na yinin.

Yawancin mutane sukan fara da tambayar wace turba ce ta fi suna. Ni a ganina wannan tambaya ce ta uku. Ta farko, wace bishiya ce a wurin. Ta biyu, yaushe take juyawa. Idan ka amsa waɗannan biyun, turbar kusan ita za ta kawo kanta.

Da farko, ka san bishiyar da kake bi

Ba kowane daji ne yake sauya launi ba. Dajin fayin da danginsa masu ganye kamar allura kore yake shekara da shekaru, kuma da yawa daga cikin turbobin da suka yi fice a duniya cikin irin wannan daji suke. Za ka iya zuwa a mako mafi dacewa, ka yi tuƙi mai daɗi, ka dawo ba ka ga ganye ja ko ɗaya ba.

Abin da ke faruwa a cikin ganyen ba shi da wuyar fahimta, kuma saninsa zai taimake ka wajen karanta yanayi. Idan yini ya fara gajarta, bishiya takan daina ƙera sinadarin kulorofil, wanda shi ne yake ba ganye korensa. Da koren ya dusashe, sai rawaya da ruwan lemon da dama can suna cikin ganyen su fito fili. Ja kuwa daban yake: bishiyar sabo take haɗa shi a lokacin kaka, daga sukarin da ya taru a ganye, kuma ta fi haɗa shi idan ana rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ga daskarewa ba. Shi ya sa rawaya ba ta cika saɓa alkawari ba, amma ja wata shekara ya yi kamar an kunna wuta, wata shekara ya fito a kodaɗɗe. Fari mai tsanani yakan sa ganye ya bushe ya zube da wuri. Ruwa da hadari na kwanaki sukan kashe armashin jan.

Bishiyar mapul, wadda ganyenta yake jikin tutar Kanada, ita ce sarauniyar ja da ruwan lemo. Gidanta arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada: Vermont, New Hampshire, Maine, Quebec, Ontario, da arewacin Michigan. Jafan ma tana da nata jinsin mai ƙananan ganye. Asfen, mai farin jiki da ganyen da ke karkarwa ko iska kaɗan ce ta taɓa shi, ita ce ke zuba zinariya a tsaunukan Kolorado da Utah. Wani abin sha'awa game da ita shi ne, kurmi guda sau da yawa saiwa ɗaya ce ta tsiro da shi gaba ɗaya, don haka duk itatuwan kurmin tare suke juyawa. Sai ka ga wannan rukuni ya yi rawaya shar, na kusa da shi kuwa kore ne tukuna. A dajin Fishlake na Utah akwai irin wannan kurmi da ake kira Pando, mai faɗin kusan hekta 43, kuma duka halitta ɗaya ce. A tsaunukan Alps kuma akwai larci, wadda take da ganyen allura kamar fayin amma takan yi rawaya a watan Oktoba ta zubar da shi. Kwarin Engadin na Suwizalan da duwatsun Dolomites na Italiya sun yi suna da ita. Itacen ok shi ne na baya a layi, launinsa ja mai duhu zuwa ruwan ƙasa, kuma yakan riƙe ganyensa bayan saura sun tuɓe. Wanda ya makara, dajin ok ne mafakarsa.

Na biyu, lissafin lokaci

Launin tafiya yake yi, kuma hanyarsa sananniya ce. A arewacin duniya yakan taso daga arewa ya gangara kudu, ya taso daga ƙololuwar dutse ya sauko kwari. Dalilin na biyun shi ne, duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Saboda haka dutse ɗaya zai iya ba ka yanayi uku a rana ɗaya: sama ganye ya zube, tsakiya ana ganiya, ƙasa ko farawa ba a yi ba.

Ga yadda abin yake a dunƙule. Asfen ɗin Kolorado daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba. Arewacin Vermont da Quebec da zirin Keweenaw na Michigan, ƙarshen Satumba zuwa makon farko na Oktoba. Kudancin Vermont da gaɓar tekun Maine, wajen tsakiyar Oktoba. Tsaunukan North Carolina, inda dazuzzukan Pisgah da DuPont suke kusa da garin Brevard, daga tsakiyar Oktoba har farkon Nuwamba a wuraren da ke ƙasa-ƙasa. A Jafan yakan soma a tsaunukan Daisetsuzan na Hokkaido a tsakiyar Satumba, ba ya isa Kyoto sosai sai wajen ƙarshen Nuwamba. A kudancin duniya lissafin a juye yake: garin Arrowtown na Niyu Zilan a watan Afrilu yake nasa adon.

Waɗannan ranaku jagora ne kawai. Kowace shekara sukan gusa gaba ko baya da mako guda, wani lokaci fiye. Don haka idan dole ne ka yanke ranar tafiya tun da sauran watanni, ka zaɓi yankin da yake da turbobi a tsayi daban-daban. Wannan ita ce dabara mafi amfani a cikin duk abin da zan faɗa. Ka iso da wuri, ka hau sama. Ka iso a makare, ka tsaya a ƙasa. Wurin da yake shimfiɗe ba shi da wannan rangwame, ko ka dace ko ka yi asara.

Idan kuma za ka kuskure, gara ka kuskure ta wajen sauri. Dajin da ya juya rabi, kore da ja a cakuɗe, abin kallo ne. Wanda ya zube kuwa sanduna ne a tsaye, ga ganyen duk ya dawo ƙarƙashin tayarka.

Na uku, zama da taswira

Yanzu ne lokacin buɗe manhaja. Trailforks tana da turbobi a ƙasashe masu yawa, da matakin wahalar kowace, da tsawonta, da yawan hawa, da rahoton halin da take ciki. MTB Project ta fi ƙarfi a Amurka, bayananta kuma sun fi kama da labarin wanda ya bi turbar. A Turai mutane sun fi riƙe Komoot. Taswirar Strava mai nuna inda mutane suka fi bi tana da amfani wajen gane turbar da take raye da wadda ciyawa ta cinye, sai dai ka sani: yawan masu bin wuri ba ya nufin an halatta shi.

Manhajojin nan ba za su gaya maka irin bishiyar da ke gefen turba ba. Wannan aikin naka ne, kuma ga yadda ake yinsa. Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam na yankin. A Google Earth na kwamfuta akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya. Ka nemi hoton da aka ɗauka a ƙarshen hunturu ko farkon bazara, kafin sabon ganye ya fito. Duk inda ka ga kore mai duhu, fayin ne da danginsa. Duk inda ka ga toka-toka ko ruwan ƙasa alhali daji ne, to itatuwa masu zubar da ganye ne, kuma nan ne launin zai kasance. Idan ka yi sa'a ma za ka ci karo da hoton da aka ɗauka a watan Oktoba, ka ga abin ƙuru-ƙuru. Sai ka ɗora layin turbar a kan abin da ka gani, ka duba kashi nawa na tafiyar ya ratsa ta cikin wannan daji.

Bayan haka ka shiga hotunan da mahaya suka ɗora a shafin turbar, ka kula da kwanan wata. Hoto biyar na shekaru daban-daban da ke nuna ganiya a mako guda sun fi duk wani hasashe.

Na huɗu, siffar turbar kanta

A nan ne ake bambanta turba mai kyau da wadda take cikin daji mai kyau kawai. Launin kaka ta hanya biyu ake cinsa. Akwai na ciki, inda rassa suka haɗe a samanka, haske yana tacowa ta cikin ganye, har fatar hannunka ta koma rawaya. Akwai kuma na nesa, inda ka fito fili ka ga kwari gaba ɗaya a shimfiɗe. Turbar da ta ba ka ɗaya kawai takan gundure ka. Awa uku a cikin rumfar ganye, ido yakan saba har ya daina gani.

Saboda haka ka nemi zagayen da yake shiga yana fita: daji, sai makiyaya ko gona, sai daji, sai doron dutse. A taswira mai layukan tsayi, ka lura da inda turba ta bi gefen gangare ko ta hau doro. Ka lura da ruwa ma. Tabki yakan ninka launin gida biyu idan iska ta kwanta, kuma mapul ɗin da ke bakin fadama yakan riga saura yin ja. Cuyuna a jihar Minnesota misali ne: tsofaffin ramukan haƙar ƙarfe ne suka cika da ruwa, turbobin suka zagaye su a kan jar ƙasa.

Kingdom Trails da ke East Burke a Vermont ta yi suna ne saboda wannan cakuɗin. Turbobinta sun haura mil 100, suna ratsa dajin mapul su ɓullo a filayen noma na Darling Hill, inda kake hango dutsen Burke. A Crested Butte ta Kolorado, turba mai lamba 401 takan kai ka sama da mita 3,400, ka gangaro ta buɗaɗɗen gangare kafin ka faɗa cikin asfen. Amma idan asfen ɗin kake so ka ƙoshi da shi, Dyke Trail da ke wajen mashigar Kebler ta fi, domin ta tsakiyar ɗaya daga cikin manyan kurmin asfen na jihar ta bi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: turba mai tsananin wahala ba ta barin ka kalli komai sai mita uku da ke gaban tayarka. Idan kallo ya kawo ka, ka nemi wadda hawanta yake a hankali, domin a hawa ne ake ɗaga kai. Wanda ya fi son nishaɗi zalla, ko yake tare da yara, zai ji daɗin tsofaffin hanyoyin keken doki na gandun Acadia a Maine, mil 45 na tsakuwa da John D. Rockefeller ƙarami ya gina tsakanin 1913 da 1940, mota ba ta shiga.

Ka kuma yi tunanin rana. Ganye ya fi kyau idan haske ya bugo shi ta baya ko ta gefe, wato da hantsi da kuma la'asar. Ka tsara zagayen yadda za ka isa wurin hange a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, ba da tsakar rana ba.

Na biyar, ka sauko mataki ɗaya a wahala

A Amurka da Kanada alamomin su ne koren da'ira don mai sauƙi, shuɗin murabba'i don matsakaici, baƙin lu'ulu'u don mai wuya, biyu kuma don ƙwararru. A Birtaniya kore, shuɗi, ja, baƙi. A Jamus da yankin Alps ana amfani da ma'auni daga S0, mafi sauƙi, zuwa S5, mafi wuya. Duk waɗannan an auna su ne a kan turba busasshiya wadda kake ganin ƙasanta. Da ganye ya rufe ta, saiwa da dutse da rami duk sun ɓuya, jiƙaƙƙen ganye a kan saiwa kuwa sabulu ne. Turbar da ba ka sani ba, a wannan lokaci, ka ɗauke ta a matsayin ta fi abin da aka rubuta da mataki ɗaya.

Gangaren da ke fuskantar arewa ba ya samun rana sosai a arewacin duniya, yakan daɗe a jiƙe bayan ruwa. Mai fuskantar kudu shi ke saurin bushewa. Ƙasa mai yashi ko tsakuwa tana shanye ruwa, yumɓu kuwa riƙe shi yake yi.

Na shida, an yarda ka shiga?

Doka ta bambanta ƙwarai, kuma baƙo ne ya fi faɗawa ciki. A Amurka an hana keke a duk yankin da aka ayyana a matsayin dajin da ba a taɓawa ƙarƙashin dokar 1964, haka ma doguwar turbar Appalachian ta masu tafiya a ƙafa ce. Yawancin manyan gandayen ƙasa a kan tituna kawai suke barin keke, dazuzzukan gwamnatin tarayya da na jihohi su suka fi sassauci. Keke mai batir yana da nasa hukunci: hukumar dazuzzukan Amurka tana lissafa shi cikin ababen hawa masu inji, don haka turbar da aka buɗe wa keken ƙafa ba lallai ta karɓe shi ba. A Sikotilan dokar 2003 ta ba jama'a 'yancin shiga yawancin filaye matuƙar sun kiyaye haƙƙi. A Ingila da Wales ana hawa a hanyoyin dawakai, ba a na masu ƙafa ba. A Ostiriya daji a rufe yake ga keke sai inda aka buɗe da alama. Jihar Baden-Württemberg ta Jamus kuma ta hana hawa a hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai inda aka keɓe.

Wasu wuraren filin mutane ne. Kingdom Trails, wadda aka kafa a 1994, a kan yardar masu filaye kusan ɗari take tsaye, ana sayen izinin shiga, kuma a ƙarshen 2019 wasu daga cikinsu sun janye izinin hawan keke a filayensu. Duk inda ka ga an ce a rufe, a rufe yake, ko da launin da ke bayan shingen ya fi na ko'ina.

Sai farauta. Kaka lokacinta ne a Amurka da Kanada da Turai. Ka duba kalandar farautar jihar ko yankin, ka sa riga ruwan lemo mai ƙyalli wadda mafarauta suke ganewa, ka guji asuba da magariba a dajin da ake harbi. Wasu turbobin rufe su ake yi ɗungurungum a kwanakin farautar barewa da bindiga.

Na bakwai, makon ƙarshe

Duk abin da ka tsara a baya zato ne, sai yanzu za ka tabbatar. Jihohi irin su Maine da Vermont da New York suna fitar da rahoton launin ganye a kai a kai a wannan lokaci, a Jafan kuma kamfanonin hasashen yanayi suna fitar da taswirarsa. Wuraren wasan zamiya a kan ƙanƙara suna da kyamarori da ke nuna dutsen kai tsaye a intanet, kuma ba abin da ya fi wannan gaskiya. Ka duba shafin ƙungiyar da ke kula da turbobin yankin don sanin abin da aka buɗe.

Sannan ka ɗaga waya ka kira shagon keke na garin. Kada ka ce masa wace turba ce ta fi kyau, amsar baƙi zai ba ka. Ka tambaye shi ina launin ya kai yau, a wane tsayi, wace turba ce ta bushe, kuma shi ina zai hau ran Asabar.

Ka sa ido kan hasashen iska da ruwa. Idan guguwa na tafe ranar Alhamis kuma ganye yana ganiya, Laraba ce ranarka. Ranar aiki ta fi ta hutu ta kowace fuska. Ƙarshen makon da ya haɗa da Litinin ta biyu a Oktoba hutu ne a Kanada da sassa da yawa na Amurka, wurin ajiye mota yakan cika tun da sassafe, masauki kuma sai wanda ya kama tun da wuri.

Ranar hawa

Ka rage iskar taya kaɗan, PSI (ma'aunin ƙarfin iskar taya) ɗaya ko biyu, don ta ƙara kama ƙasa. Ka duba birki, ka shafa wa sarƙa man da ke jure ruwa. A kan ganye ka ja birki tun kafin kwana, kana miƙe, ba a cikinta ba, saiwa kuma ka tsallaka ta a gicciye. Ka sauke taswirar a wayarka tun kana gida, domin ganye yakan shafe turba har ka rasa inda ta nufa, kuma sabis ba shi da tabbas a daji.

Tufafi hawa-hawa, da rigar tare iska da safar hannu a jaka. Garin Crested Butte kansa yana kusan mita 2,700, numfashi yakan yi wa baƙo wuya a kwana biyun farko, ƙanƙara kuma tana iya sauka a duwatsun tun a Satumba. Ka ɗauki fitila ko da ba ka da niyyar kai dare: a farkon Oktoba a arewacin Vermont rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da rabi, cikin daji kuwa duhu yakan riga haka. Ka ƙara aƙalla awa ɗaya a kan lokacin da manhaja ta ƙiyasta, don za ka yi ta tsayawa. Idan za ka tsaya, ka janye kekenka daga kan turba, kada na bayanka ya fito daga kwana ya same ka a tsakiya da waya a hannu.

Idan ka tarar ƙasa ta yi taushi har tayarka tana barin kwari a baya, ka juya ka koma hanyar tsakuwa. Wannan yakan faru da hantsi bayan daren da ƙasa ta daskare sannan rana ta narkar da ita, kuma sawun da ka bari haka zai sandare, 'yan sa-kai ne za su zo da shebur su gyara. Da ka sauka kuma ka duba jikinka da kyau, musamman bayan gwiwa da ƙugu da gefen wuya. A arewa maso gabashin Amurka da tsakiyar Turai kaskar da ke ɗauke da cutar Lyme tana nan da ƙarfinta a watan Oktoba, kuma cikin tarin busasshen ganye take fakewa.